Abin da Aka Ajiye Ba a Gurbinsa Ba

Lambar shafi ɗaya tak ta mayar da Anti Lissafi laburaren jami'a a wannan yammacin, ana dab da magariba. Ta kwafo wata magana daga wani tsohon kundi ta dasa a babi na biyu na aikinta na digiri na uku, ta kuwa manta ba ta rubuta shafin ba. Farfesan da ke duba ta ya ja jan layi a ƙarƙashin maganar, ya rubuta a gefe: "A wane shafi?" Kuma da safe yake son ganin babin a teburinsa. Duk wanda ya san Farfesa ya san gara ka je masa ba takalmi da ka je masa ba lambar shafi.

Maigidanta ya tsayar da mota a bakin ƙofa, bai kashe inji ba. Auta, ƴarsu da ba ta daɗe da shiga nazare ba, tana kujerar baya tana tauna murfin biro.

"Minti biyar, Baban Auta."

"Na agogo ko naki? Naki dai na san shi, har gemu yake fitarwa."

"Umma, in zo?"

"Zauna, yanzu zan fito."

Hajiyar Laburare tana kan teburin shiga tana kashe kwamfutoci. Ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau.

"Anti, mun kusa rufewa fa."

"Shafi ɗaya zan duba, Hajiya."

Ta ajiye jakarta a ma'ajiyar bakin ƙofa kamar yadda doka ta ce, ta riƙe waya da biro. Sashen ilmi yana bene na sama. Ita kuwa sai ta saci kallon Hajiya, ta ga ta sunkuya, ta bi matakalar da ke gangarawa ƙasa.

To bari in gaya muku abin da ya kai ta ƙasa.

Duk mai neman digiri na uku a fannin ilmi, sai ya fara zama ajin Hajiyar Laburare kafin a bar shi ya taɓa babi na ɗaya. A nan ake koyon yadda ake zaɓar kalmomin da za a ba kwamfuta, da yadda ake bin manazarta daga bayan littafi har a kai ga kakan magana. A nan ake jan kunne kada ka jingina magana ga littafin da idonka bai gani ba, kuma ka rubuta shafi tun littafin yana buɗe. Ana koyon karanta lambar da ke manne a ƙeyar kowane littafi, wadda ita ce adireshinsa a kan kantar littattafai. A ƙarshe Hajiya takan cire tabarau ta ce:

"In kun gama da littafi, ku bar shi a kan amalanke, ma'aikata za su mayar. Littafin da aka ajiye ba a gurbinsa ba ya ɓata, ko da yana cikin ginin nan. Kwamfuta za ta ce yana nan, ido ba zai gan shi ba."

Kowa ya ɗauki maganar a matsayin gargaɗi. Anti Lissafi kuwa dariya ta yi a ciki, don ita ta daɗe da sanin wannan. Tun tana digiri na biyu ta taɓa gwadawa, ta ɓoye wani ɗan littafi lokacin jarrabawa, dabarar kuwa ta yi mata aiki.

Su biyu ne a ajinsu suke bincike kan koyar da lissafi da harshen uwa: ita da Hedimasta. Hedimasta dattijo ne, ya yi furfura a shugabancin firamare, ga ciwon gwiwa, ga wa'adinsa ya zo ƙarshe, in bai gabatar da aikinsa a wannan zangon ba jami'a za ta soke sunansa. Kundin da dukansu suke buƙata kuwa kwafi ɗaya ne, ba ya intanet, ba a ba da aronsa. Rubutun tafireta ne da ya koɗe, ko hoton waya ba ya kama shi. Hedimasta ya yi ritaya, da an buɗe ƙofa yake shiga ya ɗauka, ya wuni yana bin layi da yatsa. Ita kuwa sai ta tashi daga makarantar da take koyarwa, ta zo a gajiye ta tarar da shi a hannunsa. Wata rana da ya fita alwala ya bar shi a tebur, ta sunkuce shi ta gangara ƙasa, ta tura shi bayan manyan littattafan ilmin duwatsu, inda ɗalibin ilmi ba ya zuwa ko da ɓatan kai. So duka so ne, amma son kai ya fi.

Tun daga ranar Hedimasta yake hawa da sauka. Ya tambayi kwamfuta, ta ce kundi yana nan. Ya tambayi ma'aikata, suka duba suka rasa. Har ita ya tambaya.

"Anti, ko kin ga abin namu?"

"Wallahi ni ma nemansa nake, Baba."

Haka ta ce, ko ido ba ta ƙifta ba.

Ɗakin ƙasa ba shi da taga. Warin tsohuwar takarda da na danshin siminti ne ya fara tarbar ta. Dogayen fitilu suna zizar nan tasu a sama, ɗaya tana ƙyaftawa. Ba kowa. Takun takalminta kaɗai ke zuwa ya dawo mata.

Ta san hanya. Ta shiga layin duwatsu, ta durƙusa, ta zura hannu bayan wasu ƙattan littattafai ta jawo kundin. Ta buɗe, ta sami maganar, ta rubuta lambar shafin a tafin hannunta. Ta mayar da shi maɓoyarsa ta gyara na gaba. Can daga nesa, ta cikin bango, ta ji an fara kiran salla.

Sai ta ji ƙarar taya.

Ƙiiƙ. Shiru. Ƙiiƙ.

Amalanken littattafai ne, ta san kukansa, akwai ɗaya mai gurguwar taya. Amma masu tura shi tun la'asar suke tashi. Ƙarar tana zuwa daga layin da ke bayan nata, a hankali, ba gaggawa. Tare da ita akwai wani sauti siriri, kar-kar-kar, irin na farce in ana jan sa a kan ƙeyar littattafai.

"Sannu da aiki," ta ce, muryarta ta fito ƙarama.

Ba a amsa ba. Farcen ya ci gaba da tafiya, ya zo daidai inda take, ya tsaya. Kanta ɗaya ce tsakaninsu. Wani wari ya ratso ta saman littattafan, warin toka da aka zuba wa ruwa.

Tsikar jikinta ta tashi. Ba ta gudu ba, ta dai yi ta maza ta miƙe, ta ɗaga ƙafa da sauri har matakala. Da ta ga hasken teburin Hajiya sai ta saki numfashi, har tana yi wa kanta tsiya: babbar mace, uwar ɗiya, malamar makaranta, tana tsoron amalanke.

"Na gama, Hajiya. Na gode."

Hajiya ba ta ɗago ba. Ta ɗauki ƴar ƙararrawar rufewa ta kaɗa, ta ɗaga murya tana kallon matakalar sama: "Akwai wanda ya rage?"

"Ga ni nan, Hajiya."

Ko gezau. Anti Lissafi ta ɗauka fushi ne don ta tsayar da ita, ta wuce ta kama jakarta. Jakar ta ƙi ɗaguwa. Ta sa hannu biyu ta ja, jakar da ba komai a ciki sai takardu da makulli, amma kamar an kafe ta da ƙusa.

Ƙofa ta buɗe, Baban Auta ya shigo da yarinyar a kafaɗa.

"Hajiya, barka da yamma. Maiɗakina ta shigo ɗazu, har yanzu shiru."

"Tana ciki. Ga jakarta can, kuma ban ga fitarta ba."

"Baban Auta, ga ni fa," in ji ta. Taku biyu ne tsakaninsu.

Ya ciro waya ya danna. Wayar da ke hannunta ta ɗauki ƙara, ta cika zauren nan kaf. Babu wanda ya waiwayo. Ya kara tasa a kunne yana kallon bango ta cikin fuskarta.

"Tana shiga, ba ta ɗauka."

Ta kama hannun rigarsa ta ja da ƙarfi. Ya kaɗe hannun kamar mai korar ƙuda. Ta matsa ta sa fuskarta dab da ta Auta, har tana jin ƙamshin man da ta shafa mata da rana. Idon yarinyar ya wuce ta, ya sauka kan fankar da ke bayanta.

A nan ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Mu hau sashensu," in ji Hajiya. "Akwai dattijon ajinsu ma a sama, bai sauko ba."

Suka nufi matakala. Ita kuwa wata dabara ta zo mata: ta fita waje, ta sake shigowa da sallama, ko abin zai warware. Ƙofar a buɗe take, tana ganin motarsu, tana ganin jan sararin yamma. Ta yi bismilla ta tsallaka dokin ƙofa.

Ƙafarta ta sauka a kan siminti mai sanyi.

Layin duwatsu. Warin danshi. Rabin fitilun a kashe.

Ƙiiƙ.

Wannan karon a layinta yake. Goshin amalanken ya fara leƙowa daga can ƙarshe, babu komai a kansa. Sai hannuwan da ke tura shi. Yatsun dogaye ne, sun zagaye ƙarfen sun dawo. Sai mai hannuwan.

Doguwar rigar aiki ce a jikinsa, mai launin ƙura, har ƙasa. Tsawonsa ya kai silin. Wuyansa a karye yake gefe guda, kunne a kan kafaɗa, yadda mutum ke yi in yana karanta ƙeyar littafi, sai dai shi da alama bai taɓa miƙe shi ba. Hannu ɗaya ya saki amalanken ya koma kan kantar littattafai. Kar-kar-kar.

Ta buɗe baki za ta yi addu'a. A'uzu kaɗai ta fito, sauran ya maƙale.

Ya tsaya a gabanta. Bai kalli fuskarta ba. Gefen jikinta yake dubawa, daga kafaɗa zuwa idon sawu, ya sake dawowa sama.

"Ba lamba," ya ce. Muryar kamar ana buɗe shafukan da suka manne.

Ta ja baya, kantar littattafai ta tokare ta.

"Ba a ajiye ki daidai ba. Zo in ajiye ki."

Ya sa yatsa biyu tsakanin wasu littattafai ya buɗa su. Gurbin bai fi faɗin tafin hannu ba, amma zurfinsa ba shi da ƙarshe. Sanyi na fitowa daga ciki. Kuma akwai mutum a ciki.

Ido ɗaya ta fara gani, a bayan gilashin tabarau mai ƙafa ɗaure da zare. Ta san tabaran nan. Na Dogon Kimiyya ne, ɗan ajin da ke gaba da su, wanda ya daina zuwa rana ɗaya aka ce ya watsar da karatu ya tafi neman kuɗi. Matarsa ta yi ta sintiri a sashen da goyo a baya har ta gaji. Ga shi nan a tsaye ta gefe, a matse, ya zama siriri kamar kwali. Idon yana motsi. Leɓen ya buɗe da ƙyar, ba sauti, amma ta karanta abin da ya ce.

Mayar.

Yatsun suka taɓa kafaɗarta, suna aunawa.

Ta sulale ƙasa, ta zura hannu bayan ƙattan littattafan, ta fizgo kundin. Shi kam ya ɗagu. Ta bi ta ƙarƙashin hannun nan da rarrafe, ta miƙe, ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Matakala. Zauren shiga ba kowa. Matakalar sama.

Ƙiiƙ. Ƙiiƙ.

Yana biye. Amalanke ne a kan matakala, amma ba ya karo, ba ya tsalle. Tafiyarsa ɗaya, ba ya sauri ba ya tsayawa.

Awarwaronta ya zame daga hannu ya faɗi, bai yi ƙara ba. Zobenta ya bi shi. Rigarta ta yi mata yawa. Numfashi ya fara yi mata wuya, kamar ana matse ƙirjinta daga gefe biyu.

A kan matakala ta cim ma Hajiya da Baban Auta, suna hawa kafaɗa da kafaɗa saboda Hajiya ba ta sauri. Tsakaninsu bai fi tafin hannu ba.

Ta wuce ta tsakaninsu. Ko rigarsu ba ta taɓa ba.

Sashen ilmi. Layuka a jere, kundaye baƙaƙe iri ɗaya, ɗaruruwa. Sai a lokacin ta tuna ba ta san gurbinsa ba. A tebur ta ɗauke shi, kuma kafin nan kullum a hannun Hedimasta take ganinsa.

Ta haska ƙeyarsa da waya. Haruffa biyu a sama. Lamba. Ɗigo. Harafi, sai wata lambar. Muryar Hajiya ta dawo mata daga ajin da ta yi rabinsa tana gyangyaɗi: harafi kafin lamba, a bi daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa.

Ta sami haruffan. Ta bi lambobi da yatsa. Ta ga wata ƴar kafa ta tura shi ciki.

Ba abin da ya canza.

Ƙiiƙ. Ya iso benen.

Ta zaro shi. Bayan ɗigo ba a karanta lamba a dunƙule, ɗaya bayan ɗaya ake bi. Ita da take koya wa yara wannan kullum a allo. Gaba ne, ba nan ba. Ta zagaya layi na biye.

Mutum ta gani a tsakiyar layin, a sunkuye, hannu ɗaya a gwiwa. Hedimasta. Hularsa ta karkace, jakar ledarsa a hammata. Ya ɗora yatsa tsakanin kundaye biyu yana kallon wurin, leɓensa na motsi. Ashe haka yake yi kowace yamma kafin ya tafi, ya zo ya duba ko Allah ya dawo da shi.

Ta haska. Na hagun yatsansa, na damansa. Nan ne.

Wallahi ko a wannan halin sai da kunya ta riƙe mata hannu. In ta tura shi nan, a gaban idonsa za ta tura.

Warin toka ya rufe ta. Taya ta yi shiru a bayanta.

Yatsu masu sanyi suka sauka a ƙeyarta. Suka fara matsawa.

Wurin ya cushe, maƙwabtan sun haɗe. Ta sa baki ta riƙe wayar, ta buɗa su da farce, ta danna kundin da duk abin da ya rage mata na ƙarfi.

Tuf.

Iska ta koma ƙirjinta gaba ɗaya, har ta yi tari. Wayar ta faɗi ƙasa da ƙara. Hedimasta ya zabura ya dafe kantar littattafai yana salati.

Ya dubi kundin da ke ƙarƙashin yatsansa. Ya dubi hannun da ke kansa, da ƙurar ɗakin ƙasa da ta yi masa fari. Sannan ya ɗago ya dube ta, ita, a cikin ido. Ba ta taɓa jin daɗin kallon mutum irin wannan ba, ba ta kuma taɓa jin kunya irin wannan ba.

"Anti?" ya ce a hankali. "Ashe yana nan."

"Yana nan, Baba. Ni ce."

Ya shafa ƙeyar kundin da babban yatsa.

"Gwiwoyina sun sha matakala, Anti."

Ta fashe da kuka. Sanyin da ke ƙeyarta ya janye. Amma kafin ya tafi, wani abu ya sunkuyo dab da kunnenta, ta ji muryar takardar nan.

"Saura ɗaya."

Ƙiiƙ. Ƙiiƙ. Ƙarar ta yi nisa har ta ɓace. Hedimasta bai ji komai ba.

Baban Auta ya shigo layin yana haki, Hajiya a bayansa.

"Haba baiwar Allah, ina kika shiga? Kin ɗaga mana hankali. Me ya same ki kike kuka?"

Ta kasa magana, ta riƙe hannunsa kawai, ta ji shi ma ya riƙe nata. Auta tana kafaɗarsa tana waige-waige.

"Baba, ina Umma?"

"Ga ta a gabanki, barci kike ji?"

Yarinyar ta duba dama, ta duba hagu, bakinta ya fara rawa.

"Auta," in ji uwar. "Ga ni."

Idon yarinyar ya zo ya same ta kamar an kunna fitila. Ta miƙo hannu ta faɗa jikinta. Uban ya yi dariya ya ce gajiya ce. A mota Anti Lissafi ta yi shiru tana kallon titi, ba su kai kwanar gidansu ba Auta ta tsala kuka daga baya, wai an baro Umma a makaranta.

Kowa yana ganin Anti Lissafi yanzu, har Farfesa, wanda ya karɓi lambar shafinsa bai ce ko sannu ba. Auta ce kaɗai. In uwar tana magana ko tana taɓa ta, tana nan. In ta yi shiru, yarinyar sai ta tashi ta shiga neman ta ɗaki-ɗaki, ta wuce ta a tsakar falo. An kai ta likitan ido ya ce idonta garau, an yi addu'o'i, abin yana nan.

Ita dai ta san saura ɗayan. Ɗan littafin nan ne na lokacin digiri na biyu. Ta tuna bangonsa kore ne, ko kuwa shuɗi. Sunansa ya ɓace mata, inda ta cusa shi ma haka, kuma an sha sauya wa kantoci wuri tun daga lokacin.

Ta gaya wa Hajiyar Laburare komai. Hajiya ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce ta yarda ba. Da rana tsaka suka sauka layin duwatsu tare, suka zare littattafan duka, ba su ga komai ba sai bangon kanta da kashin ɓera. Hajiya ta ce hanya ɗaya ce ta gano littafin da aka ɓoye: a bi kanta-kanta, a karanta kowace lamba, har a ci karo da wadda ba ƴar wurin ba.

Shi ne aikinta duk Asabar, daga buɗewa zuwa la'asar, ba ta yarda magariba ta same ta a ciki. Hedimasta ya kare kundinsa, ya zama dakta. Asabar ɗin da ta biyo baya sai ga shi da ƴar kujerar roba, ya ce shi zai ɗauki kantocin ƙasa tunda gwiwa ta hana shi tsayuwa. Bai taɓa tayar da tsohuwar maganar ba. Sun tsinci ɓoyayyun littattafai da yawa, don ashe masu wannan halin ba su da kaɗan. Duk na kimiyya da ta samu, da gudu take kai shi gurbinsa, ko Allah zai sa na Dogo ne. Nata dai har yau bai fito ba.

Maƙwabta suna cewa karatu ya mayar da Anti Lissafi mai surutu. Tana wanki tana magana, tana girki tana ƙirga cokula da ƙarfi, tana duba takardun ɗalibai tana karanta amsoshinsu a fili. Muryarta ta dushe. Lokacin salla ne ya fi yi mata wuya, da lokacin da barci ya fara ɗaukar ta a kan kujera da rana. Sai ta ji ƙananan ƙafafu sun tsaya a tsakiyar ɗaki.

"Umma, kina nan?"

"Ina nan, Auta."

"To kar ki yi shiru."